Zuwa da kai ya fi aike: Kira ga 'yan Rotary na Arewa kan taron shekara

Duk shekara, wajajen ƙarshen Mayu ko cikin watan Yuni, ƙungiyar Rotary ta duniya kan yi babban taronta a wani birni. A 2023 an yi shi a Melbon ta Ostireliya, a 2024 a Singafo, a 2025 a Kalgari ta Kanada, na 2026 kuma birnin Taipei aka ba. Kafin wannan, gundumomin ƙungiyar kan yi nasu taron shekarar a cikin gida.

Duk lokacin da sanarwar taron ta fito, amsar da aka fi ji daga bakin mambobi a nan Arewa kusan iri ɗaya ce. Wani ya ce kuɗin jirgi ya isa a haƙa rijiya a ƙauye. Wani ya ce biza ba ta samuwa. Wani kuma ya ce ai taron manya ne, ana zuwa ne a ci abinci a ɗauki hoto a dawo. Uzuri biyu na farko suna da nauyi, kuma za mu zo kansu. Na ukun ne kuskure, kuma kuskure ne da talakan da ƙungiyar ke cewa tana yi wa hidima yake biyan kuɗinsa.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan ƙungiya

An kafa Rotary a birnin Shikago na Amurka a ranar 23 ga Fabrairu, 1905, ta hannun wani lauya mai suna Paul Harris. Da ta iso Najeriya a 1961, a Kano aka fara kafa kulob, kafin Legas. Haka kuma ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya, Jonathan Majiyagbe, lauya ne da ya yi rayuwar aikinsa a Kano, kuma daga kulob ɗin Kano ya fito. Ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2004. Yanzu ma wani ɗan Najeriya, Yinka Babalola daga Fatakwal, shi aka zaɓa ya shugabanci ƙungiyar a shekarar 2026 zuwa 2027.

Saboda haka ɗan Rotary na Kano ko Kaduna ko Sakkwato ko Maiduguri ba ɗan rakiya ba ne a wannan taro. Yana da tarihi a cikinsa, kuma yana biyan kuɗin mamba da dala kamar kowa. Wanda ke biyan kuɗi amma ba ya zuwa inda ake lissafi da yanke shawara, ya bar wasu su yi magana da yawunsa.

Abin da aka ƙulla a zauren taro ya iso ƙofar gidanmu

Mai ganin taron shekara cin abinci ne kawai, ya dubi tarihin yaƙi da cutar shan inna.

A taron 1917 da aka yi a Atlanta ne shugaban ƙungiyar na lokacin, Arch Klumph, ya kawo shawarar a kafa asusu na taimakon jama'a. Gudummawar farko da ta shiga asusun dala 26 da santi 50 ce kacal. Wannan asusu ne ya zama Gidauniyar Rotary. A 1979 ƙungiyar ta fara aikin yi wa yara miliyan shida rigakafin shan inna a ƙasar Filifin, a 1985 kuma ta ƙaddamar da shirin PolioPlus da burin tara dala miliyan 120. A taron 1988 a Filadelfiya aka sanar da mambobi cewa abin da aka tara ya haura dala miliyan 200. A wannan shekarar ce Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙudurin kawar da cutar, a lokacin da take shanye yara kusan 350,000 duk shekara a ƙasashe 125.

Shekara 100 bayan shawarar Klumph, a 2017, an koma Atlanta. A wannan taro gwamnatoci da masu bayar da tallafi suka yi alƙawarin kimanin dala biliyan 1.2 domin ƙarasa aikin, Gidauniyar Gates kuma ta ci gaba da tsarinta na ɗora dala biyu a kan kowace dala ɗaya da Rotary ta tara, har zuwa dala miliyan 50 a shekara.

Ina waɗannan kuɗi suka tafi? Wani kaso nasu ya zo nan. Da su aka tallafa wa aikin matan da ke bin gida-gida da akwatin sanyi a kafaɗa, suna ɗiga wa yara magani a baki suna shafa musu alama a ɗan yatsa. Mu ne muka ga dakatar da rigakafin a Kano a 2003, da dawo da shi a 2004 bayan cutar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Mu ne muka yi jana'izar ma'aikatan rigakafi tara da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. A Sumaila aka samu yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano a 2014, a Borno kuma na ƙarshe a ƙasar nan a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar.

Wannan labari namu ne, kuma bai ƙare ba, domin har yanzu ana samun wani nau'in ƙwayar da ya rikiɗe a jihohin Arewa maso Yamma, inda yara da yawa ba su samun cikakken rigakafi. A zauren taro akwai mutanen da ke tara kuɗin wannan aiki shekara da shekaru ba su taɓa ganin mai shan inna da idonsu ba. Suna buƙatar su ji daga bakin wanda ya san dalilin da ke sa magidanci ya hana a ɗiga wa ɗansa magani alhali asibitin garinsu babu ko maganin zazzaɓi. Ba wanda zai yi wannan bayani kamar ɗan yankin.

Abokin aiki ba ya faɗowa daga sama

Dalili na biyu ya shafi aljihun kulob kai-tsaye. Gidauniyar Rotary na da tallafi na manyan ayyuka, wanda kasafinsa ke farawa daga dala 30,000. Ana bayar da shi a fannoni bakwai: zaman lafiya, yaƙi da cututtuka, ruwa da tsafta, lafiyar mata da yara, ilimi, bunƙasa tattalin arzikin al'umma, da kare muhalli. Duk cikinsu babu wanda Arewa ba ta buƙata. Amma sharaɗin shi ne, dole kulob ɗin da ke neman tallafin ya samu abokin aiki, wato wani kulob ko gunduma daga wata ƙasa, da zai sa hannu ya kuma sa kuɗinsa.

To, ina ake samun wannan aboki? Mu faɗi gaskiya: saƙon imel daga Najeriya mai neman kuɗi ba ya samun kyakkyawar tarba a ƙasashen waje, kuma kowa ya san dalili. Amma mutumin da kuka zauna teburi ɗaya, ya ga hotunan makarantar da rufinta ya yaye, ya yi maka tambayoyi ka amsa ido da ido, zai ɗauki wayarka idan ka kira. A kowane babban taro akwai wani katafaren fili da ake kira Gidan Zumunci, inda kulob-kulob da rukunonin masu aiki a fanni ɗaya ke baje kolin ayyukansu. Nan ne kasuwar abokan aiki.

Akwai misali a gida. A 1994, Farfesa Emmanuel Lufadeju ɗan Najeriya da Robert Zinser ɗan Jamus sun haɗu a Kalifoniya, a taron horar da gwamnonin gunduma masu jiran gado. Hirar da suka yi kan halin da mata masu haihuwa ke ciki ita ta haifar da wani aikin lafiyar mata da yara da aka fara a jihar Kaduna, wanda daga baya ya faɗaɗa zuwa asibitoci a Kano da Kaduna da nufin rage mutuwar mata wajen haihuwa. Da ɗayansu ya zauna a gida ya ce a aiko masa da rahoton taro, da wannan aiki bai samu ba. Zumunta a ƙafa take.

Maganar kuɗi da biza

Yanzu sai uzurin da ke da nauyi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da naira 1,000. Kuɗin rajistar babban taro kaɗai ɗaruruwan daloli ne, ban da jirgi da masauki. Biza kuma sai an yi da gaske. Ga wani abin da ya kamata a faɗa: tun taron farko a 1910, ba a taɓa yin babban taron Rotary a nahiyar Afirka ba. Wannan gazawa ce ta ƙungiyar, kuma ya dace 'yan Afirka su ci gaba da matsa lamba a kai. Sai dai wanda ba ya cikin zauren ba shi da bakin matsa lamba.

Ba muna cewa malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa ya sayar da fili domin ya je Taipei ba. Abin da muke cewa shi ne, rashin kuɗin zuwa ƙasar waje ba hujja ba ce ta ƙauracewa taron gunduma, wanda ake yi a cikin ƙasar nan, kuɗin mota da kwana biyu ko uku kawai yake ci. A taron gunduma ne wakilan kulob-kulob ke kaɗa ƙuri'a kan al'amuran gundumarsu, a nan ake iya tambayar yadda aka kashe kuɗin gunduma, a nan kuma ake iya amincewa da shawarwarin gyaran dokoki da za a aika wa majalisar dokokin ƙungiyar. Wannan majalisa tana zama duk shekara uku, kowace gunduma na tura wakili ɗaya, kuma ita ke yanke kuɗin da kowane mamba zai biya. Ita ce kuma a 1989 ta buɗe wa mata ƙofar shiga ƙungiyar a duniya baki ɗaya. Mai kukan cewa kuɗin mamba ya yi yawa a kan mai samun naira, hanyar kai kukansa ta taron gunduma ta bi.

Shi kuwa babban taro, ba dole ne kowa ya je ba, amma ya kamata kowane kulob mai ƙarfi ya yi ƙoƙarin ganin yana da mutum a can, ko da duk shekara biyu ko uku ne. Mun san adashi. Kulob mai mambobi 30 zai iya buɗe asusu na musamman, daban da asusun ayyuka, a riƙa zuba kaɗan-kaɗan duk wata. Kulob biyu ko uku na gari ɗaya za su iya haɗa hannu su tura mutum ɗaya da takardun ayyukansu duka. Rajistar wuri ta fi araha, kuma tana ba da isasshen lokacin neman biza. Abu ɗaya dai haramun ne: taɓa kuɗin da aka tara domin rijiya ko magani a saya wa wani tikitin jirgi.

Wa za a tura, kuma me zai kawo?

A nan ne masu sukar ke da 'yar gaskiya. Akwai masu zuwa taro su sa hannu a rajista, su ɗauki hoto a bakin ƙofa, sauran kwanakin kuma su ƙare a kantuna. Irin waɗannan su ne suka ɓata wa taron suna. Maganin abin shi ne kulob ya ɗauki tafiyar a matsayin aike. A ba wakili aiki a rubuce tun kafin ya tashi: ga aikin da muke nema wa aboki, ga kasafinsa, ga hotunansa, ga zaman bita biyu ko uku da muke so ka halarta. In ya dawo, ya tsaya gaban mambobi ya ba da rahoto, ya miƙa sunayen waɗanda ya tattauna da su ga sakatare, a kuma sa ranar bibiya.

Kada kuma tafiyar ta zama gadon tsofaffin shugabanni. Matasan Rotaract da mata mambobi su ne galibi ke shan rana a ranakun aiki. A ba su dama. Matashin da ya ga dubban mutane daga ƙasashe sama da 100 sun taru a kan aikin da yake yi a unguwarsu, zai dawo da wani irin ƙarfin gwiwa da jawabin shugaban kulob ba zai ba shi ba.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi Arewa musamman. Har gobe akwai masu yi wa ƙungiyoyi irin su Rotary kallon tuhuma, wasu ma na ɗaukarsu ƙungiyoyin asiri. Ɓoye-ɓoye da shiru ba sa kawar da irin wannan zargi. Mamban da ya je taro ya ga yadda ake tafiyar da al'amura, ya dawo ya yi bayani da Hausa a rediyo ko a majalisar unguwa, ya faɗi daga ina kuɗi ke fitowa da inda suke zuwa, ya fi kowace takardar talla amfani. Mun riga mun ga abin da rashin yarda ya jawo mana a 2003.

Kiranmu ga shugabannin kulob-kulob na Arewa shi ne su sa maganar taron shekara a cikin kasafi da jadawalinsu tun daga watan Yuli, lokacin da sabuwar shekarar ƙungiyar ke farawa, kada su bari sai saura mako biyu. Shugabannin gunduma kuma su sassauta kuɗin rajistar taron gunduma ga matasa, su riƙa zagayawa da shi tsakanin jihohi domin na nesa ma ya samu zuwa. Su kuma mambobi, kowa ya tambayi kansa yaushe rabonsa da taron gunduma, sannan ya nemi ranar taro na gaba a wurin sakataren kulob ɗinsa.