Suka Daban, Kushe Daban

A fagen kimiyya suka abar so ce, amma sau da yawa akan rikita ta da kushe, har ɗalibi ya zaci wanda ya fi raina aikin mutane shi ya fi ilimi. Mai suka tambaya gare shi, kuma akwai amsar da in an ba shi zai sauka daga ra'ayinsa. Shi kuwa mai kushe ya riga ya yanke hukunci cewa kowa mayaudari ne mai neman abin duniya, don haka duk hujjar da aka kawo masa sai ya ce sabuwar dabara ce.

A 1982 wasu likitoci biyu a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raini wata ƙwayar cuta da suka samo a tumbin majiyyata, suka ce ita ke haddasa gyambon ciki. Masana suka ƙi yarda, suna tambaya: yaya mai rai zai zauna cikin ruwan tumbi mai tsananin tsami? Tambayar ta dace. A 1984 Marshall ya shanye ƙwayoyin da kansa, bangon tumbinsa ya kumbura. Bincike kuma ya nuna ƙwayar tana fitar da amoniya, wadda ke kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita. Masu suka suka sakko, aka ba likitocin lambar Nobel a 2005. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.

Kano ta ga duka biyun. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Waɗanda suka tambaya ko an nemi yardar iyaye, kuma wa ya ba da izinin gwajin, suka suka yi, mai suna da wuri da ranar aukuwa. Ita ce ta kai maganar kotu, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75.

Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003 bisa zargin yana hana haihuwa, ba za a ce tsoron jama'a ba shi da tushe ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Neman a auna maganin ma daidai ne. Amma bayan an auna, aka ci gaba da aikin a 2004, an sami waɗanda suka ce ai masu awon ma an saye su. Irin waɗannan babu ɗakin gwajin da zai gamsar da su, kuma ba su suka biya kuɗin gardamar ba. Cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, ta shanye ƙafafun yara, kuma sai a 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayarta ta asali daga Afirka.