Inshorar lafiya: Ina ɗan ci-rani zai kai katinsa?

A watan Mayun 2022 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin shirin NHIS da aka ƙaddamar a 2005. Dokar ta wajabta inshorar a kan duk wanda ke zaune a Najeriya, ba tare da ta tambayi garin kakanninsa ba. Sai dai ta miƙa wa jihohi da Babban Birnin Tarayya babban kaso na aikin, kowa da hukumarsa: KADCHMA a Kaduna, LASHMA a Legas, FHIS a Abuja. A nan gizo ke saƙar.

A ɗauki mai shayin da ya taso daga Jigawa. Kwanansa a Mararaba ne, cikin Jihar Nasarawa, teburinsa kuma yana Wuse. Bayan girbi yake zuwa, ruwan farko na sauka ya koma gona. Hukumomi uku ke da iko da shi a takarda, amma ko ya daure ya biya kuɗin shekara a ɗaya, za a ɗaura katin nasa ne a kan asibitin da ya zaɓa ranar rajista. Zazzaɓi kuwa ba ya jiran mutum ya koma inda ya yi rajista. Ya biya kuɗin wata goma sha biyu, ya mori rabinsu, sauran watannin kuma hannu a aljihu. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, da wuya ya sake biya.

Adalci ne a faɗa cewa yawancin dokokin jihohin mazauna suka ambata, ba 'yan asali ba. Shingen yana wajen takardu. Ana neman lambar NIN, wani wuri a nemi katin shaidar zama a jiha, a nemi adireshi. Wane adireshi mai kwana a shago zai bayar? Guraben kyauta na marasa galihu kuma galibi daga rajistar talakawa ake cike su, rajistar da mutanen unguwa ke nuna waɗanda za a saka a ciki. Mutanen unguwa wanda suka sani suke nunawa. Matar da ta gudo daga Gwoza ta shekara goma a Durumi ko Wassa har yau baƙuwa ce a idon wasu, ko da 'ya'yanta ba su san wani gari ba sai Abuja.

Hujjar gwamnoni sananniya ce: kuɗi kaɗan ne, idan aka buɗe ƙofa maƙwabta za su cinye rabon 'yan gida. Ba na raina wannan damuwa, amma lissafin bai cika ba. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, dukiyar ƙasa ce baki ɗaya. Baƙon kuma yana biyan harajin kasuwa da na tasha a inda yake zaune, babu mai tambayar takardar asalinsa a lokacin karɓa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ake mancewa da yadda inshora ke rayuwa. Masu lafiya ne ke ɗauke nauyin marasa lafiya, 'yan ci-rani kuwa mafi yawansu samari ne majiya ƙarfi. Hukumar da ta kore su, masu ciyar da asusunta ta kora.

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ma bai bar mu cikin duhu ba. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati alhakin tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a ko'ina cikin tarayya, Sashe na 42 kuma ya haramta nuna wa mutum bambanci saboda wurin da ya fito.

Ghana ta taɓa shiga irin wannan rami. Da ta fara shirinta a 2003, kowace gunduma da nata asusun. A 2012 ta sake doka ta haɗe su wuri guda, ta yadda mazaunin zangon Nima a Accra zai iya nuna katinsa a Kumasi ko Tamale. Tsarin nasu na da nasa ciwon, musamman jinkirin biyan asibitoci, amma wannan matsala dai sun rage ta.

Mu tarayya ce, ba sai an rushe hukumomin jihohi ba. Abin da ya kamata NHIA ta yi shi ne ta kafa hanyar da hukumomin za su riƙa biyan juna, kamar yadda bankuna ke yi idan ka ciri kuɗi a na'urar bankin da ba naka ba. Asibitin Nyanya ya duba mai katin Jigawa, ya tura takardar kuɗin Dutse. A kuma amince da shaidar mai unguwa, ko ta sarkin Hausawa, ko ta shugaban ƙungiyar sana'a, a madadin adireshi. Ministan Abuja da gwamnonin Nasarawa da Neja za su iya fara gwajin a tsakaninsu, tunda mutanen Mararaba da Suleja kullum safiya a Abuja suke wuni.