GARIN NEMAN GIRA

ALLURAR nan da ake yi wa mutum a goshi da tsakanin girarsa domin ta baje tattarar fata, wadda aka fi sani da sunan Botox, ta daɗe da zama ruwan dare a Turai da Amurka, kuma yanzu ana yin ta a manyan biranen Nijeriya irin su Legas da Abuja. Tallarta tana yawo cikin wayoyin hannu dare da rana, ta yadda budurwar da ke zaune a Kurfi takan ga abin da ta Legas ke gani a lokaci guda. Dutsin-Ma kuwa, garin da ke da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, matattara ce ta dubban matasa daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Kowa ya san kayan yayi ba su daɗewa a birni kafin su bi mota su iso karkara. Saboda haka ya wajaba hukuma da jama'a su san ko mece ce wannan allura tun kafin ta faɗa hannun waɗanda ba su san kanta ba.

Abin da ke cikin kwalbar guba ne, kuma yana cikin mafi ƙarfin gubar da masana suka sani. Wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium botulinum take samar da shi, ita ce kuma ke kashe mutane idan suka ci abincin gwangwani ko naman da aka adana ba bisa ƙa'ida ba. Aikin gubar shi ne ta datse saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai tsokar ta saki, ta kasa motsi. Idan aka ɗiga ɗan kaɗan a tsokar da mutum ke haɗe gira da ita, fatar da ke samanta sai ta daina tattarewa. Bayan 'yan kwanaki aikin yake bayyana, bayan wata uku ko huɗu kuma ya gushe, sai a koma a sāke biyan kuɗi. Wato dai tsufan yana nan inda yake, tsokar kawai aka kwantar na ɗan lokaci.

Likitocin ido ne suka fara mayar da wannan guba magani. Wani likita Ba'amurke mai suna Alan Scott ya yi shekaru yana gwada ta a kan masu karkataccen ido, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan larura cikin 1989. Wasu likitoci biyu na Kanada, Jean Carruthers da mijinta Alastair, su ne suka lura cikin 1987 cewa goshin majinyatan da aka yi wa allurar yana bajewa. Duk da haka sai cikin 2002 hukumar ta yarda a yi amfani da ita don tattarar tsakanin gira, ta goshi kuwa sai cikin 2017. Cikin 2009 ta tilasta wa kamfanonin da ke yin ta su buga gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalin, cewa gubar tana iya barin inda aka sa ta, ta bi jiki har ta hana haɗiya da numfashi. A hannun ƙwararren likita, da magani na gaskiya da awo daidai, ba kasafai haka ke faruwa ba. Amma waɗannan sharuɗɗa uku su ne tushen al'amarin.

Abin da ya faru a ƙasashen da suka fi Nijeriya tsaurin doka ya isa ishara. Cikin 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 17 a jihohi 9 da suka kamu da ciwo bayan an yi musu allurar jabu, ko kuma wanda bai cancanta ba ya yi musu ita a gida ko a shagon kwalliya, kuma 13 daga cikinsu sai da aka kwantar a asibiti. Cikin 2025 fiye da mutum 30 suka faɗa cikin irin wannan hali a Ingila. Alamomin iri ɗaya ne: fatar ido ta faɗo ta rufe ido, gani ya rabu biyu, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, daga nan numfashi ya fara yankewa. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Halin da ake ciki a garuruwa irin su Dutsin-Ma da Kurfi ya sa hatsarin ya ninka. Na farko, jama'a da yawa sun ɗauka allura ta fi kowane magani, kuma sun saba da miƙa jikinsu ga mai kemis ya tsira musu ita, alhali lasisin da ke hannunsa bai ba shi ikon yin allura ba. Na biyu, ana adana Botox a firji ne, a sanyin da bai gaza digiri 2 ba, bai kuma wuce 8 ba, abin da ke da wuya inda wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, musamman a watannin bazara. Na uku, maganin gaskiya yana da tsada, kuma duk abin da ke da tsada ga masu so da yawa, 'yan jabu ba su barinsa. Kwalbar da aka saya da rahusa ta intanet ba wanda ya san yawan gubar da ke cikinta, ko ma mene ne aka ɗura. Araha dai ba ta ado. Na huɗu, wanda zai raba kwalba ɗaya tsakanin amarya da ƙawayenta don neman riba ba zai damu da sāke tsinken allura ba, ta haka kuma ciwon hanta da ƙanjamau suke samun hanya.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne abin da zai biyo baya idan an sami matsala. Wanda wannan guba ta bi jikinsa yana bukatar maganin karya ta cikin gaggawa, wani lokaci kuma sai an ɗora shi a na'urar taimakon numfashi na makonni. Irin wannan kulawa sai babban asibiti, ga shi tsakanin Dutsin-Ma da Katsina akwai tafiyar kimanin kilomita 60. Wadda ta yi allurar a ɓoye ba za ta yi saurin faɗa wa iyayenta ko mijinta ba, su kuma in sun ga ido ya faɗo, baki ya yi nauyi, za su iya ɗauka shanyewar jiki ce ko sammu, a tsaya jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure.

An riga an ga irin wannan sakaci game da man bilicin. Sannu a hankali ya shiga kasuwanni da shagunan kwalliya, dillalai suna kai shi har cikin gidaje, ba wanda ya tanka. Cikin 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata, kuma cikin 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana al'amarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Kafin nan fatar mata da yawa ta riga ta lalace. Man shafawa ke nan, wanda ke cin jiki a hankali. Gubar da aka tura cikin tsoka ba ta ba da wannan jinkiri.

Dokokin da ake bukata suna nan. NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, ita ke da alhakin rajistar kowane magani da ke shigowa ƙasar nan. Majalisar likitoci ta ƙasa ita ke tantance wanda ya isa ya yi aikin likita, majalisar masana haɗa magunguna kuma ita ke ba masu kemis lasisi. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta bayyana wa jama'a ta rediyo, da Hausa, cewa wannan allura aikin likita ce a cikin asibitin da ke da rajista, kuma duk mai shagon kwalliya ko kemis da aka kama yana yin ta za a rufe shagonsa a gurfanar da shi gaban shari'a. Sassan lafiya na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi su riƙa zagaya shagunan gyaran amare kamar yadda ake zagaya mahauta da masu sayar da abinci. Ma'aikatan asibitocin yankin a koya musu gane alamomin wannan guba, su riƙa tambayar majinyaci ko an yi masa wata allura, su kuma san inda za su tura shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Hukumomin jami'a da na kwaleji su ma suna da nasu rabo, domin ɗakunan kwanan ɗalibai ne masu talla suka fi nufa. Hakimai da dagatai da limamai kuwa muryarsu tana kaiwa inda takardar gwamnati ba ta kaiwa.

Baligin da ya yanke shawara zai yi wannan allura, da kuɗinsa da hankalinsa, ba mai hana shi. Sai dai ya tafi wurin likitan da ke da lasisi, ya nemi a nuna masa kwalbar a rufe da lambar NAFDAC a jikinta, kuma mai ciki da mai shayarwa su haƙura. Tattarar goshi ba cuta ba ce, ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba. Allurar da jahili ya yi kuwa ta kwantar da mutane har a ƙasashen da suka ƙirƙiro ta, kuma garin neman gira bai kamata a rasa ido ba.