Hunturu Ya Kama: Ko Za A Rufe Makarantu A Shabu?

Daga Wakilinmu Na Arewa

Jama'armu da ke Agege, Sabon Ibadan da Shagamu, waɗanda suka bar iyali a gida, sukan yi tambaya duk shekara in Disamba ta kama: shin sanyi zai sa a rufe makarantu? To, hasashena game da Shabu, garin nan da ke bakin Lafiya a kan hanyar Akwanga, shi ne ba za a rufe ba. Amma makara kam, sai abin da ya ƙaru.

A Amurka da Ingila, in ƙanƙara ta toshe hanya, hukuma kan ba da sanarwa tun da sassafe, yara su zauna a gida. Mu namu ƙura ne. Iska ke kwaso ta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, kuma takan yi kwana ɗaya ko biyu a hanya kafin ta rufe mana sararin sama. Watau ana iya ganin zuwanta. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda aka kafa a 2003, takan yi gargaɗin hazo a rediyo, sai dai gargaɗin ya fi amfanar matuƙa jirgin sama da direbobi. Hedimasta ba shi da ikon taɓa lokacin shiga aji don ya ji an ce gobe za a yi hazo.

Gaskiya ne sanyin Lafiya bai kai na Jos ko Kano ba, gama ƙasar tana gangare wajen Binuwai. Ɗalibin sashen aikin gona na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Shabu, babba ne, zai jure. Ɗan firamare fa? Ruwan randa ya yi sanyi ƙarara, uwa na jiran itace ya kama, ga tari ga mura, ga ajin da tagarsa ba murfi. Sai ya iso bayan an buga ƙararrawa, a tare shi da bulala kan laifin da ba nasa ba.

A ganina Ma'aikatar Ilmi ta jihar tana iya ɗaga lokacin shiga da awa guda daga komawar hutu a Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu, a biya da rana. Kafin nan, mai aika kuɗin makaranta gida ya haɗa da na rigar sanyi da man shafawa, ya aika tun kafin a koma.