Ƙarin Ɗaki Da Ɗora Bene: Matsayin Magidanci A Gaban Dokar Gini

Da zarar damina ta ɗauke, sai a ga motocin yashi sun fara juye kaya a lungunan Kano, tun daga Kurna har Ɗorayi, daga Hotoro har Rijiyar Zaki. Da yawa daga cikin wannan yashi na ƙarin gini ne a tsohon gida. Wani ɗansa ya isa aure yana neman inda zai ajiye amarya, wani ya yi ritaya yana so ya fasa katanga ya fitar da kanti a bakin hanya, wani kuwa tsakar gida ta ƙare masa, sai ya ɗaga kai sama ya ƙudura ɗora bene. Kaɗan ne daga cikinsu ke tunawa da cewa hukuma tana da ta cewa a wannan aiki.

A idon doka, ƙarin ɗaki gini ne kamar kowane gini. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun Gwamna bisa amana, wato abin da magidanci ya mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani. Dokar Tsara Birane ta 1992 kuma ta wajabta neman izini kafin a yi gini ko a sauya amfanin wuri. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka mutumin Kano hukumar KNUPDA zai nufa, na Kaduna kuma KASUPDA, ɗauke da takardar fili da zanen gini wanda ƙwararre mai rajista ya sa wa hannu. Akwai kuma Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006, sai dai ƙarfinsa ya rataya ne ga jihar da ta mayar da shi dokarta.

Wasu na ɗaukan wannan al'amari a matsayin baƙon abu da Turawa suka kawo, alhali kuwa ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa gini ba ya tsayawa ga mai shi kaɗai. Tun kafin dokar tsara garuruwa ta 1946 akwai Sarkin Magina, akwai mai unguwa, akwai alƙali. Fiƙihun Malikiyya ya hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, ya hana cin hanyar jama'a, kuma kowa ya san rigimar da indararo ke haddasawa in ya zuba ruwa a gindin katangar wani. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. Magini na dā ya san iyakar nauyin da azara da tubali za su ɗauka, domin ya gaji sanin daga ubansa. Siminti da rodi kuwa lissafi suke bukata, kuma birkila, komai daɗewarsa a sana'a, ba injiniya ba ne.

A nan ne haɗarin yake. Gidan ƙasa da aka gina da bulo mai inci 6 a kan tushe marar zurfi an yi shi ne don ya ɗauki rufin kwano. In aka kwashe kwanon aka zuba kankare, aka ɗora ɗakuna da tankin ruwa, nauyin ya ninka, tushen kuwa yana nan yadda yake. Sau da yawa akan tsaga bango a cusa ginshiƙai bayan an gama gini, ba tare da an haƙa musu gindi na kirki ba. Daɗin daɗawa, kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi, amma mai gida yana gaggawa, ranar biki ta matso, sai a zare katakon tokare tun bai ƙosa ba. Wanda ya ga benen da ya rufta a titin Beirut na Kano a ƙarshen watan Agusta na 2022 ya san yadda ƙarshen irin wannan ganganci yake kasancewa. A Ikoyi ta Legas ma, inda bene mai hawa 21 ya hallaka mutum fiye da 40 a watan Nuwamba na 2021, shugaban hukumar sa ido kan gine-gine ta jihar ya ce hawa 15 aka amince a gina.

Ƙarin da ke tafiya a ƙasa shi ma yana da tasa ɓarnar, sai dai a hankali take bayyana. Ɗaki ya cinye tsakar gida, iska ta daina shiga, ruwan sama ya rasa inda zai nutse. Kanti ya hau kan lambatu, kamar yadda aka koka a kai lokacin da ambaliya ta shiga Kantin Kwari a 2022. Masai kuma ya matso kusa da rijiya. Masana lafiya suna son tazarar kimanin mita 30 tsakanin su biyun, alhali fuloti mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa duka mita 30 ɗin ne.

To, me ya hana jama'a neman izini? Babban dalili shi ne takarda. Gidajen gado na cikin birni da filayen awon igiya na bayan gari galibi ba su da takardar mallaka ta gwamnati, sai shaidar ciniki da hannun mai unguwa. Mai irin wannan gida yana tsoron in ya je neman izinin ɗaki ɗaya ya tono wa kansa maganar gidan gaba ɗaya. Ga kuɗin zane, ga zirga-zirgar ofis, ga jira. Sai ya gwammace ya yi aikinsa a ranakun hutu, ya jira abin da zai biyo baya. Abin da kan biyo baya kuwa shi ne jan fenti a bango, bayan an riga an kashe kuɗin sallama na shekara 35 a bakin aiki.

Ko shakka babu, hukuma tana da haƙƙin rushe abin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba, amma rusau magani ne na bayan ɓarna. Ya kamata a raba ƙarin gini gida biyu. Ɗaki ɗaya ko biyu a ƙasa, wanda bai taɓa hanya ko lambatu ko layin wuta ba, a ba shi gajeriyar hanya: takarda ɗaya, kuɗi kaɗan da aka liƙa a allo kowa ya gani, ofis a sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma a karɓi shaidar mai unguwa da amincewar maƙwabta a inda babu takardar gwamnati. Bene kuwa kada a sassauta masa ko kaɗan. Sai injiniya mai rajistar COREN ya haƙa ya duba tushen tsohon ginin ya sa hannu, sa'an nan jami'in hukuma ya zo ya ga rodi da idonsa kafin a zuba kankare, domin bayan an zuba babu mai iya ƙidaya abin da ke ciki.