Ra'ayinmu: Makomar Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya

Tun da Gwamnatin Tarayya ta bayyana a 2025 cewa za ta buɗe wa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya rassa a shiyyoyin ƙasar nan shida, ciki har da Yola da Ilorin da Akure, ake ta musayar yawu a kan lamarin. Wasu na ganin bunƙasa ce da ta daɗe da cancanta, wasu kuma na ganin hanya ce ta raunana makarantar a hankali. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a tuna yadda aka gina ta da irin halin da take ciki a yau.

An kafa makarantar a 1964, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, lokacin da akasarin masu tuƙa jiragen Nigeria Airways da masu gyara su Turawa ne. Gwamnati ta haɗa gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumarta mai kula da sufurin jiragen sama, ICAO, suka kawo malamai da kayan aiki, har zuwa 1974 da ragamar ta koma hannun Najeriya baki ɗaya. Zariya ta dace da wannan aiki. Ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce, sararin samaniyarta ba shi da cinkoson jirage irin na Legas, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello a maƙwabtaka. A harabar da ke Palladan aka tara dukkan sana'o'in da tashin jirgi ke buƙata: tuƙi, gyaran jirgi, kula da na'urorin sadarwa, ba jirage umarni daga hasumiya, da gudanar da filayen jirage. Ɗalibai sun zo daga kowane sashe na Najeriya da ma wasu ƙasashen Afirka. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin sama a ƙasar nan, a Zariya ta koyi tuƙi, ta kuma shugabanci kwalejin daga 2011.

Tafiyar ba ta rasa tangarɗa ba. Rushewar Nigeria Airways a 2003 ta rufe babbar ƙofar da ɗaliban ke shiga aiki. Tsofaffin jiragen koyarwa irin su Tampico da Trinidad suna shan wani mai na musamman da ake shigowa da shi daga waje, mai tsada da wuyar samu, kuma duk ranar da ya yanke sai ɗalibi ya zauna a ƙasa yana kallon jirgi. Haka kwasa-kwasai suka riƙa jan lokaci fiye da ƙa'ida, har iyayen da ke da hali suka koma tura 'ya'yansu Afirka ta Kudu da Amurka. A shekarun baya-bayan nan an samu gyara na gaske: an sayo jiragen Diamond masu amfani da man da manyan jirage ke sha, an kawo na'urar kwaikwayon tuƙin Boeing 737 da ta koyon kashe gobarar jirgi, kuma ICAO ta sanya kwalejin cikin fitattun cibiyoyinta na horarwa a wannan yanki.

Masu goyon bayan buɗe rassa suna da hujjoji masu nauyi. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200, da filayen jirage a yawancin jihohinta, ta fi ƙarfin haraba ɗaya da titin jirgi ɗaya. A lokacin hunturu, hazo yakan rufe Zariya kwana da kwanaki, kuma sabon ɗalibi da idonsa yake tuƙi, yana duban ƙasa da sararin da ke gabansa. Idan ba a gani da nisa, babu tashi. Da akwai reshe a wani yanki mai yanayi dabam, da darasi bai tsaya ba. Haka kuma matuƙin da zai yi aikin jigilar ma'aikatan mai a yankin Neja Delta yana buƙatar sabawa da teku da ruwan sama mai yawa. Sannan kwalejin ta ƙasa ce, da kuɗin kowa aka gina ta, saboda haka kusantar da ita ga ɗan Ebonyi ko ɗan Adamawa adalci ne.

Masu adawa su ma ba da ka suke magana ba. Makarantar tuƙi ta bambanta da sauran makarantu, domin ajinta a sama yake. Kowane reshe yana buƙatar jirage, da rumfar gyara, da injiniyoyi masu lasisi, da malaman tuƙi, kuma waɗannan malamai su ne kamfanonin jirage ke zawarci da albashin da gwamnati ba ta iya biya. Idan haraba ɗaya na fama da riƙe malamanta, ina za a samo na shida? Tsoron da ake ji shi ne a kwashi jirage da na'urorin Zariya a rarraba, a wayi gari da makarantu shida da babu wadda ta cika sharuɗɗan ICAO. Wannan tsoro yana da tushe a tarihinmu, domin mun sha ganin an kafa sababbin cibiyoyi alhali tsofaffin na neman agaji.

Da muka auna ɓangarorin biyu, mun ga akwai darasi a kusa da mu. Hukumar ASECNA, wadda ke kula da sararin samaniyar ƙasashen Afirka da dama, makarantu uku gare ta, kowace da fanninta. Ta Yamai tana horar da jami'an hasumiya da masana yanayi da injiniyoyin na'urori, ta Duwala tana koyar da kashe gobara, ta Dakar kuma tana kula da wasu fannonin aikin filin jirgi. Ba su maimaita aikin juna, shi ya sa kuɗin da ake zubawa ke yin tasiri. Rarrabawa irin wannan tana ƙara ƙarfi, amma kwafar Zariya sau shida za ta cinye kuɗi ba tare da ƙarin inganci ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Akwai kuma matsalar da muhawarar ta tsallake. Matashin da ya gama Zariya yana fitowa da lasisin tuƙin jirgin kasuwanci da kimanin awa 200 a sama. Kamfani kuwa yana neman wanda ya samu horo na musamman a kan irin jirgin da yake amfani da shi, horon da ake biya da dala, galibi a ƙasar waje. Shi ya sa ake samun matuƙa 'yan ƙasa zaune a gida, kamfanoni na ɗauko baƙi. Ƙara yawan masu lasisi ba tare da warware wannan ƙulli ba zai ƙara yawan masu zaman jira ne.

Matsayinmu shi ne a faɗaɗa kwalejin, amma bisa sharuɗɗa bayyanannu. Zariya ta ci gaba da zama hedikwata, kada a ɗauke mata jirgi ko na'ura don cike gurbin wani wuri; duk reshen da za a buɗe ya zo da kasonsa a kasafin kuɗi. A buɗe rassan ɗaya bayan ɗaya, kowane da fannin da ya dace da yankinsa, kuma kada a soma na biyu sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta tabbatar na farko ya tsaya da ƙafarsa. A gyara albashin malaman tuƙi yadda za su zauna. A tabbatar na'urar Boeing 737 tana aiki ba yankewa, domin kuɗin da ake kaiwa waje su tsaya a gida. Kamfanoni irin su Max Air da Air Peace su shiga yarjejeniyar ɗaukar ɗalibai tun suna karatu, gwamnatocin jihohi kuma su haɗa tallafin karatu da wannan horo na ƙarshe, maimakon su tsaya a lasisi kawai.

Muna kira ga Majalisar Tarayya da ta nemi Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ta gabatar da cikakken tsarin wannan shiri a bainar jama'a, da kuɗinsa da jadawalinsa da adadin malaman da kowane reshe zai buƙata, kafin ta amince da ko sisi a kansa.