Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Sharhi Kan Na'urar Hangen Dare

Mutane da yawa suna ɗaukar na'urar hangen dare mai ido ɗaya tamkar wani abin sihiri, wai da zarar an kara ta a ido duhu ya kau. Wannan fahimta kuskure ce, kuma ita ke sa a lalata kaya masu tsadar gaske cikin ɗan lokaci.

Gaskiyar magana ita ce na'urar ba ta ƙirƙirar haske. Tana tattara ɗan hasken wata da na taurari ne, gilashin gaba ya kai shi kan wani faifai mai mayar da haske ya zama ƙwayoyin lantarki, wato ilektaron. Wannan shi ne al'amarin da Albert Einstein ya yi bayaninsa a 1905, wanda ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel ta 1921. Daga nan ƙwayoyin sai su ratsa wani faranti mai miliyoyin ƙananan ramuka, inda kowace ɗaya ke tayar da wasu masu yawa. A ƙarshe su bugi allon fosfo, hoto ya bayyana da hasken da aka ninka sau dubbai. An fi yin allon kore domin idon ɗan Adam ya fi tantance bambance-bambancen wannan launi, ko da yake yanzu akwai masu farin allo.

Duk wanda ya fahimci wannan, ba sai an tilasta masa bin ƙa'idojin aiki ba. Zai gane dalilin da ya sa ba a kunna ta da rana ko a fuskantar da ita ga fitilar mota: haske mai ƙarfi yana iya barin tabon da ba ya gogewa. Saboda haka ne ma aka yi wa murfinta ɗan ƙaramin huji, don gwaji cikin haske. Zai san a fara daidaita gilashin da ke kusa da ido, sannan na gaba gwargwadon nisan abin da ake kallo. Zai san a cire batir kafin a ajiye ta, kada ruwan batirin ya zubo ya ci ƙarfen ciki.

Haka kuma zai san iyakarta. Samfurin AN/PVS-14 na sojojin Amurka, alal misali, digiri 40 kaɗai yake nunawa, don haka dole mai shi ya riƙa juya kai, ga kuma wahalar ƙiyasta zurfin rami da ido ɗaya. Hazo da hayaƙi suna dushe hoton. A cikin duhu ƙirin kuwa sai an kunna 'yar fitilar infared da ke jikinta, wadda ido ba ya ganin haskenta, amma duk mai irin na'urar zai hango ta daga nesa. Ma'aikacin gandun daji da ke tsaron giwaye a wuri irin Yankari, in ya jahilci wannan, yana iya tona asirin kansa ga ɓarayin hauren giwa.

Wasu za su ce wannan kayan soja ne, ina ruwan ɗan sakandare da shi? Amsar ita ce, ilimin da ke cikinta yana nan a manhajar fiziks: haske, gilashi da lantarki. Masu nazarin dabbobin dawa da masu aikin ceto duk suna amfani da ita, kuma ɗaliban yau su ne za su riƙe waɗannan ayyuka gobe.

Don haka ya kamata malamai su riƙa kawo irin wannan misali a aji, ko da zane ne a allo. Hukumomin da ke sayen na'urar kuma su ware kuɗin horarwa tun kafin su biya kuɗin kaya, domin sakacin minti kaɗan a cikin rana ya isa ya salwantar da ita.